A Daina Yi Wa Logaridim Kallon Tsohon Yayi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu na wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani ra'ayi da nake yawan ji daga bakin ɗalibai da iyayensu, har ma da wasu malamai, wai darasin logaridim, wato lissafin gano sau nawa wata lamba za ta bayyana a cikin ninki kafin a sami wata, ya zama tsohon yayi tunda yanzu kowa yana da kalkuleta a cikin wayarsa, don haka ɓata lokaci ne a ci gaba da wahalar da yara a kansa. Masu wannan magana suna da gaskiya ta wani gefe, kuma zan faɗi gefen idan na iso wurin, amma sun cakuɗa abu biyu da ya kamata a rarrabe, wato jadawalin lambobi da ake bugawa a bayan littafin lissafi, da kuma tunanin da ya haifi jadawalin. Tunanin nan shi ne a bayan labarai da yawa da ku 'yan jarida kuke kawo mana, daga girgizar ƙasa zuwa yaɗuwar annoba da ƙaruwar jama'a, kuma wanda bai san shi ba zai iya karanta lambobin daidai amma ya fahimce su a karkace.

Abu yana ƙaruwa ta hanya biyu. Ko dai a riƙa ƙara masa adadi guda a kowane mataki, kamar 3, 5, 7, 9, inda ake ƙara 2 kowane lokaci, ko kuma a riƙa ninka shi da adadi guda, kamar 3, 6, 12, 24, inda kowace lamba take ninki biyu na wadda ta gabace ta. A matakan farko tazarar da ke tsakanin jerin biyu ba ta taka kara ta karya ba, shi ya sa ido ke ruɗuwa. Amma idan aka kai lamba ta 20, jeri na farko yana kan 41, na biyu kuwa ya kai 1,572,864. Hankalin ɗan Adam ya fi sabawa da hanyar farko, domin da ita muke ƙirga taku da kwanaki, ita ta biyun kuwa sai an koya wa mutum kafin ya daina mamakinta.

Magabata sun daɗe da lura da haka. Masanin tarihi Ibn Khallikan, wanda ya rayu a ƙarni na 13, ya kawo labarin mutumin da ya ƙirƙiri wasan shaɗaranji, wanda sarki ya ce ya faɗi abin da yake so a ba shi lada. Mutumin ya ce a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gida na farko na allon wasan, biyu a gida na biyu, huɗu a na uku, a ci gaba da ruɓanyawa har a cika gidaje 64. Sarki ya raina buƙatar, sai da masu lissafinsa suka zauna da ita. Gida na 11 yana ɗauke da ƙwaya 1,024, gida na 21 yana da 1,048,576, kuma idan aka tara duk abin da ke cikin gidaje 32 na farko za a sami 4,294,967,295. To, gida na 33 shi kaɗai yana da 4,294,967,296, wato ya ɗara jimlar duk gidajen da suka gabace shi da ƙwaya ɗaya, kuma haka lamarin yake a kowane gida na allon. Jimlar gaba ɗaya ita ce 18,446,744,073,709,551,615. Ko labarin ya auku ko almara ce, lissafinsa dai ba shi da makusa.

Domin kada a riƙa rubuta 2 × 2 × 2 × 2 × 2, masu lissafi suna rubuta 2⁵. Lambar ƙasa ita ce tushe, ta sama kuwa, wadda zan kira lambar ninki, ita ke faɗin sau nawa tushen ya bayyana. Duk ƙa'idojin da ake sa yara haddacewa a wannan babi daga ƙirge kawai suka fito. Idan aka ninka 2³ da 2⁴, ana da 2 guda uku da wasu guda huɗu, sun zama bakwai ke nan, don haka amsar ita ce 2⁷, kuma wannan ne dalilin da ya sa ninka lambobi masu tushe ɗaya yake komawa tara lambobin ninkinsu. Idan rabawa aka yi sai a ɗebe, domin kowace 2 ta ƙasa tana kashe guda ta sama. Idan kuma 2³ ɗin ce aka ninka da kanta sau huɗu, ana da uku sau huɗu, wato 2¹². Yaron da aka bari ya ƙirga da hannunsa sau biyu ko uku ba zai sake neman a tuna masa waɗannan ƙa'idoji ba, kuma ina ganin babban kuskure ne malami ya fara rubuta su a allo kafin a yi ƙirgen.

Inda ɗalibai suka fi tirjewa shi ne maganar cewa 2⁰ daidai yake da 1. Suna da hujjar tirjewa, domin idan aka ce 2 ta bayyana sau sifili, abin da zai fara zuwa zuciya shi ne babu komai, amsa sifili. Amma a bi matakan da baya a gani: 2³ ita ce 8, 2² ita ce 4, 2¹ ita ce 2, kuma duk lokacin da lambar ninki ta ragu da ɗaya, amsar tana komawa rabinta. Mataki na gaba dole ya zama rabin 2, wato 1. Idan aka ci gaba da sauka ƙasa da sifili, 2⁻¹ ta zama rabi, 2⁻² ta zama rubu'i, 2⁻³ ta zama ɗaya bisa takwas. Babu wanda ya ƙaƙaba wannan da son ransa. Ita ce kaɗai ma'anar da za ta bar ƙa'idar tarawa ta ci gaba da aiki. Da wannan hujjar ce kuma ake fassara lambar ninki da ba cikakkiya ba. Idan lambar ninkin 9 ta zama rabi, to ninka abin da aka samu da kansa dole ya ba da 9¹, tunda rabi da rabi ɗaya ne, don haka amsar ita ce 3. Idan ta 8 ta zama sulusi, amsar 2 ce. Idan ta 2 ta zama rabi, amsar tana wajen 1.414.

Da zarar an yarda lambar ninki ta zama kowace irin lamba, cikakkiya ko gutsure, sama da sifili ko ƙasa da shi, sai a sami alaƙar da ake rubutawa y = aˣ, inda a take tushe, x kuma lambar ninki, wadda duk lambar da aka ba ta a matsayin x za ta fitar da amsa guda ɗaya tak. An sharɗanta cewa tushen ya fi sifili, domin tushe kamar −4 ba shi da amsa a cikin lambobin da muka saba da su idan lambar ninkinsa ta zama rabi, tunda babu lambar da za a ninka da kanta ta ba da −4. An kuma cire 1, domin ko sau nawa aka ninka 1 tana nan 1. Siffofin wannan alaƙa ba su da yawa. Amsarta kullum tana sama da sifili. Idan x ta zama sifili, amsar 1 ce ko mene ne tushen. Idan tushen ya fi 1, zanenta yana hawa ne daga hagu zuwa dama, kuma hawan yana ƙara tsanani. Idan tushen yana tsakanin sifili da 1, zanen yana gangarowa, yana matsowa kusa da sifili ba tare da ya taɓa shi ba. Siffar da ta fi dukkansu muhimmanci a ganina, wadda kuma ba a cika nanata ta a aji ba, ita ce duk inda aka tsaya, ƙarin taku ɗaya a x yana ninka amsar da adadi guda, wato tushen, ko daga 2 zuwa 3 aka taka ko daga 50 zuwa 51.

A nan ne ya kamata a raba x² da 2ˣ, waɗanda mutane ke ɗauka 'yan gida ɗaya ne saboda kamannin rubutu. A ta farko tushe ne ke canzawa, a ta biyu kuwa lambar ninki. Suna yin kunnen doki idan x ta zama 2 ko 4, kuma idan x ta zama 3, x² ce ma a gaba da 9 a kan 8. Amma a kan 10, ɗaya tana da 100, ɗayar tana da 1,024. Ko da x¹⁰ aka kawo, wadda a kan 10 take da biliyan goma yayin da 2ˣ ke fama da dubu ɗaya da 'yan kai, da an kai 59 sai 2ˣ ta sha gabanta, kuma ba za ta sake kamo ta ba har abada.

Logaridim kuwa wannan alaƙar ce aka juya tambayarta. Maimakon a ce 2 sau uku nawa za ta bayar, sai a ce sau nawa 2 za ta bayyana kafin a sami 8. Amsar 3 ce, kuma ana rubuta log₂ 8 = 3. Haka nan log₁₀ 1,000 = 3, log₁₀ 0.01 = −2. Logaridim lambar ninki ce da aka nemo, shi ke nan, kuma saboda haka duk ƙa'idojinsa waɗancan na baya ne. Logaridim na lambobi biyu da aka ninka shi ne jimlar logaridim ɗinsu, kamar yadda 8 × 16 = 128 ya yi daidai da 3 + 4 = 7. Na waɗanda aka raba shi ne bambancinsu. Logaridim na aⁿ shi ne n sau logaridim na a. Logaridim na 1 sifili ne a kowane tushe, na tushen kansa kuma 1 ne. Sifili ba shi da logaridim, haka ma lambobin da ke ƙasa da shi, domin mun riga mun ga cewa aˣ ba ta taɓa saukowa can. Kuskuren da ya fi yawa a takardun ɗalibai shi ne su ɗauka log (a + b) daidai yake da log a + log b, alhali gwaji ɗaya ya isa ya rushe wannan zato: log₁₀ (10 + 10) yana wajen 1.301, amma log₁₀ 10 + log₁₀ 10 ya ba da 2, wanda shi ne logaridim na 100. Sauya tushe kuma rabawa ɗaya ce kawai, domin log₂ 1,000 shi ne log₁₀ 1,000 a raba da log₁₀ 2, wato 3 a raba da 0.3010, abin da ya ba da kusan 9.97.

Kamar yadda aˣ take gudu, haka logaridim yake tafiyar hawainiya. A tushe 10, na dubu 3 ne, na miliyan 6, na biliyan 9, kuma duk da haka ba shi da iyakar da zai tsaya, sannu ba ta hana zuwa. Wannan nawar tasa ita ce amfaninsa. Da ita ake sanin girman lambar da ba a iya rubuta ta ba tukuna: 64 sau log₁₀ 2, wato 0.30103, ya ba da 19.27, don haka tun kafin a lissafa 2⁶⁴ an san alƙalumanta 20 ne, kuma mai shakka ya koma ya ƙirga na jimlar allon shaɗaranji. Da ita kuma kwamfuta take nemo suna ɗaya a cikin jerin sunaye miliyan ɗaya da aka tsara bisa haruffa cikin mataki 20 kacal, ta hanyar raba jerin biyu a kowane mataki tana watsar da rabin da sunan ba ya ciki. Idan jerin ya kai biliyan ɗaya, mataki 30 ya isa.

Yanzu sai gefen da masu sukar suke da gaskiya. John Napier, mutumin Sikotland, ya wallafa logaridim a 1614 bayan ya shafe kimanin shekara ashirin yana aikin, kuma manufarsa ita ce ya sauƙaƙa wa masana taurari da makamantansu wahalar ninka dogayen lambobi da hannu. Joost Bürgi na ƙasar Suwizalan shi ma ya gano irin wannan dabara da kansa, amma bai buga nasa jadawalin ba sai 1620. Henry Briggs, malamin lissafi a Kwalejin Gresham da ke Landan, ya yi tattaki zuwa Edinbara a 1615 ya gana da Napier, suka amince a sake tsarin ta yadda logaridim na 1 zai zama sifili, na 10 kuma ya zama 1. A 1624 Briggs ya fitar da logaridim na lambobi 30,000, kowanne da alƙaluma 14 bayan ɗigo, duk da hannu, sannan Adriaan Vlacq na ƙasar Holan ya cike giɓin da ya rage tsakanin 20,000 da 90,000 a 1628. Johannes Kepler ya yi amfani da logaridim wajen haɗa jadawalin tafiyar taurari da ya fitar a 1627. A cikin shekarun 1620 ne kuma William Oughtred ya haɗa rula biyu masu zanen logaridim, ɗaya tana zamewa a jikin ɗaya, ta yadda haɗa tsawo biyu yake zama ninka lambobi biyu, kuma injiniyoyi sun riƙe wannan rula fiye da shekara 300.

Ga yadda aikin yake ga wanda bai riski zamanin ba. A ce ana son ninka 23.7 da 41.5. Mai lissafi zai buɗe jadawali mai alƙaluma huɗu, ya bi layin 23 da yatsa har ya isa ƙarƙashin 7, ya sami 3747, sannan ya sa 1 a gaba saboda lambar tana tsakanin 10 da 100, ya rubuta 1.3747. Ya yi haka da 41.5 ya sami 1.6180. Ya tara su, 2.9927. Sai ya juya shafi zuwa jadawalin da ke mayar da logaridim lamba, ya nemi .9927 ya sami 9833, kuma 2 ɗin da ke gaba ta gaya masa amsar tana cikin ɗaruruwa, wato 983.3. Amsar gaskiya ita ce 983.55, don haka jadawalin ya kusa ƙwarai amma bai dira daidai ba. Tun da kamfanin Hewlett-Packard ya fitar da kalkuletar aljihu ta kimiyya mai suna HP-35 a 1972, wannan aiki ya fara mutuwa, kuma ni ban ga dalilin da za a sa yaro ya ɓata makonni yana bin layuka da yatsa ba. Idan abin da masu sukar suke nufi ke nan, ina tare da su. Sai dai kalkuleta tana amsa tambayar da aka yi mata ne kawai, ba ta gaya wa mutum cewa matsalar da ke gabansa ta logaridim ce.

Misali, akwai tambayar da ke tasowa duk inda abu ke ƙaruwa da kaso cikin ɗari: yaushe zai ruɓanya? Jama'ar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara ana ninka yawanta da 1.03 ne kowace shekara, don haka tambayar ita ce sau nawa 1.03 za ta bayyana kafin a sami 2. Amsar ita ce log 2 a raba da log 1.03, kimanin shekara 23 da rabi. Mai tunanin tarawa zai ce sai shekara 33, ya yi kuskuren shekara goma, kuma a kan irin wannan kuskure ake gina makarantu da asibitocin da suke cika tun kafin a gama su. Akwai gajeriyar hanya da Luca Pacioli na Italiya ya ambata tun 1494, wato a raba 72 da kason, amsar ta ba da kusan shekarun ruɓanyawa: kashi 6 shekara 12, kashi 12 shekara 6.

Asalin wannan 72 yana komawa ga wata lamba ta musamman. A 1683 Jacob Bernoulli ya yi nazarin kuɗin ruwa mai hawa kan kansa, ya tambayi abin da zai faru da 1 idan ƙaruwarta kashi 100 ce a shekara amma ana rarraba lissafin. Idan sau ɗaya aka lissafa a shekara za a sami 2, idan sau biyu 2.25, idan kowane wata kimanin 2.613, idan kowace rana kimanin 2.7146. Adadin yana ƙaruwa amma yana tunkarar wata iyaka, 2.71828 da ɗoriya, wadda Leonhard Euler ya sa wa harafin e a ƙarni na 18. Abin da ya bambanta eˣ da sauran shi ne saurin ƙaruwarta a kowane wuri daidai yake da girmanta a wurin, shi ya sa take fitowa duk inda yawan abu ne ke yanke saurin canjinsa. Logaridim mai tushe e, wanda ake rubutawa ln, na 2 shi ne 0.693, kuma daga nan 69 ko 70, waɗanda ake iya sawa a madadin 72, suka fito. An fi son 72 ne saboda tana rabuwa da lambobi da yawa ba saura.

Raguwa ma tana bin wannan hanya. Sinadarin kabon-14 da ke jikin duk abu mai rai yana komawa rabinsa cikin kimanin shekara 5,730 bayan abin ya mutu, kuma a kan haka Willard Libby ya gina hanyar gano shekarun tsofaffin ƙasusuwa da itatuwa, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1960. Idan ɗaya bisa takwas ya rage, an yi rabi sau uku ke nan, shekara 17,190. Idan kuwa kashi 10 cikin 100 ne ya rage, ƙirge da yatsa ba zai yi ba, sai an nemi log₂ 10, wato 3.32, a ninka da 5,730 a sami kimanin shekara 19,000. Magunguna da yawa ma haka suke barin jinin mutum, kuma wannan yana cikin abin da ake dubawa wajen tsara tazarar shan su.

Ranka ya daɗe, ga inda maganar ta shafi aikinku kai tsaye. Makin girgizar ƙasa logaridim ne, tun daga ma'aunin da Charles Richter ya fito da shi a 1935 har zuwa wanda masana suka koma amfani da shi daga ƙarshen shekarun 1970. Ƙarin maki ɗaya yana nufin ƙarfin da ƙasa ta saki ya ninka kusan sau 32, ƙarin maki biyu kuwa sau 1,000. Girgizar da ta afka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023 tana da maki 7.8, ta ƙasar Cile ta 1960, wadda ita ce mafi girma da na'ura ta taɓa aunawa, tana da 9.5. Mai karatu zai ga tazarar 1.7 ya ɗauka kusan ɗaya suke, alhali ta Cile ta fi ƙarfi fiye da sau 300. Don haka idan aka rubuta cewa girgiza mai maki 6 ta ɗan gaza mai maki 7, an ɓatar da mai karatu ko da ba a yi nufi ba.

Ma'aunin tsamin asid da ake kira pH, wanda Søren Sørensen ya ƙirƙira a Denmak a 1909, shi ma haka yake, sai dai yana tafiya da baya: raguwar maki ɗaya tana nufin tsamin asid ya ninka sau 10. Idan masana suka ce pH na saman teku ya sauko daga wajen 8.2 zuwa 8.1 tun farkon zamanin masana'antu, abin kamar ba komai ba, amma 0.1 a wannan ma'auni ƙari ne na kimanin kashi 26 cikin 100. A ma'aunin ƙara kuwa, ƙarin desibel 10 ninki goma ne na ƙarfin sauti, ƙarin desibel 3 kuma kusan ninki biyu. Shi ya sa hukumar NIOSH ta Amurka mai binciken lafiyar ma'aikata, wadda ta ba da shawarar kada ma'aikaci ya wuce awa 8 a cikin ƙarar desibel 85, ta rage lokacin zuwa awa 4 a desibel 88, da awa 2 a desibel 91. Lokacin annobar korona a 2020 kafafen labarai da dama sun riƙa nuna zane wanda gefensa ke tafiya 10, 100, 1,000, 10,000 da tazara iri ɗaya. A irin wannan zane miƙaƙƙen layi mai hawa yana nufin cutar tana ruɓanya kanta a kai a kai, amma wanda ba a yi wa bayani ba zai ga layin ya ɗauka ƙaruwa ce ta sannu a hankali. Roƙona shi ne duk lokacin da za ku buga lamba daga irin waɗannan ma'aunai, ku ƙara jimla ɗaya da ke faɗin ninki nawa take nufi.

Akwai kuma kuskure ta ɗaya ɓangaren. Ba duk abin da ya ƙaru da sauri ne yake bin wannan alaƙa ba. Sai an ga yana ninkuwa da adadi guda a cikin lokuta masu tsawo ɗaya. Kuma babu abin da ke bin ta har abada a zahiri. Ƙwayar bakteriya ta E. coli tana iya rabuwa biyu kowane minti 20 idan ta sami yanayin da take so, wanda ke nufin ruɓanyawa 72 a kwana ɗaya, adadi mai alƙaluma 22 daga ƙwaya guda. Hakan ba ya faruwa, domin abin da take rayuwa a kansa yana ƙarewa, wuri kuma yana cika. Pierre Verhulst na Beljiyam ya rubuta lissafin irin wannan ƙaruwa mai lanƙwasa ta daidaita a 1838. Saboda haka mai hasashen da ya ja layin ninki zuwa shekara ɗari gaba ba tare da ya faɗi abin da zai taka masa birki ba, a karɓi maganarsa da taka tsantsan.

Ga malamai kuwa, shawarata ita ce a maye gurbin makonnin bin jadawali da darasi guda wanda ɗalibai za su gina nasu ƙaramin jadawalin da kansu, ba littafi ba kalkuleta. A fara da lura cewa 2¹⁰ ita ce 1,024, kusan 1,000 ke nan, don haka a tushe 10, log 2 sau goma ya kusa 3, log 2 yana wajen 0.3. Daga nan log 4 ya zama 0.6, log 8 ya zama 0.9, log 5 kuma, tunda 5 ita ce 10 a raba da 2, ya zama 0.7. Don a sami log 3, a lura cewa 3⁴ ita ce 81, kusa da 80, wadda logaridim ɗinta 1.9 ne, a raba da huɗu a sami 0.475, na gaskiya kuwa 0.4771 ne. Log 6 ya fito daga tara na 2 da na 3, log 9 daga ruɓanya na 3. Saura 7, ita ma 49 tana maƙwabtaka da 50, wadda logaridim ɗinta 1.7 ne, rabinsa 0.85, na gaskiya kuma 0.8451. Kafin a tashi daga darasin ɗalibi ya yi amfani da kowace ƙa'ida ta logaridim da hannunsa, kuma yana iya duba amsoshinsa a waya ya ga tazarar da ke tsakani. Idan jaridarku za ta ware ɗan gurbi a shafin ilimi domin irin waɗannan darussa, a shirye nake in riƙa aiko da su.

Na gode da ba ni wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin lissafi mai karanta jaridarku